Alƙalin Kokawa da Ɗansa

A gafarce ni, ban taɓa rubutu ba. A tashar Buza na ji wani malamin lakwal, wato makarantar boko, irin waɗanda ake kira Mushe, yana jan wata dattijuwa da hira, suna jiran motar Madawa.

"Inna, kin ji labarin alƙalin kokawar Karofane? Gwiwar ɗansa ta taɓa ƙasa, nan take ya busa usur. Irinsa sai a littattafan da, alƙalin da ya hukunta ɗan cikinsa!"

"Littafin ya hwaɗi inda ɗan ya kwana daga baya, Mushe?"

"A'a, nan labarin ya ƙare."

"To, ɗan nan nawa ne, yana Madawa yana lodin albasa. Ya rantse ba ya komowa gida. Lallashi za ni."

Malamin ya daburce. "Ashe ke ce uwar! Ko gwiwar ba ta taɓa ba?"

"Ta taɓa, shi ma yaron bai musa ba. Amma da ya tashi yana kakkaɓe rairai, ya dubi ubansa. Uban na can yana ɗaga hannun ɗan wani, bai ko waiwayo ba."

Na sulale kafin su lura da ni, don ni ne na busa usur ɗin.