Ɗan Yatsa na Huɗu

Ma'aikaciya: Salamu alaikum, Mama. Ina wuni?

Mai Girki: Wa'alaikumus salam. Wace ce?

Ma'aikaciya: Ni ce, daga ɗakin adana takardu na ƙungiyar 'yan fim. Yaya ƙafar?

Mai Girki: Tana nan yadda kika bar ta. Ya aiki? Ya mutanen gida?

Ma'aikaciya: Lafiya ƙalau. Ya ƙarin haƙurinmu?

Mai Girki: Da godiya. Ɗaga murya, 'yar nan, wayar tana shaƙewa.

Ma'aikaciya: Na ce maganar akwatin marigayi maigidanki ce, takardun yajin aikin nan da muke roƙon ki ba mu. Shugabanmu ya ce za a rataye hoton Baba a zaure, riƙe da fitilarsa ta aiki.

Mai Girki: Hoto ina da shi. Ba abin da na tambaya ke nan ba.

Ma'aikaciya: Na kai masa saƙonki na a rubuta sunayenku. Ya ce littafin rantsuwar yajin aikin da ke wurinmu sa hannun maza sittin ne, sai dangwalen yatsa tara marasa suna, kuma ba a rubuta suna sai da shaida.

Mai Girki: Shi yana ina lokacin? Masu kyamara sun yi mako suna cewa sun ajiye aiki, amma rana na yi sai ga su da kwanoni. Mu tara masu girki muka kife tukwane. Darakta ya leƙo ya tarar murhu ya yi sanyi, ya roƙa, ya yi barazana, na ce masa ya dafa fim ɗinsa ya ci. Kwana uku aka kira mu sulhu.

Ma'aikaciya: Wannan duk babu shi a rubuce, Mama.

Mai Girki: Wa zai rubuta? Mijina ne ke riƙe da biron. Ya ce mu dangwala, gobe zai sa sunaye. Shekara talatin ina kai masa abinci ina jin gobe. Hello? Kina ji?

Ma'aikaciya: Ina ji.

Mai Girki: Littafin na kusa da ke? Buɗe. Wuƙar albasa ta tsaga mini babban yatsa tun ina budurwa. Duba.

Ma'aikaciya: Bari in kai shi bakin taga... Akwai. Na huɗu daga sama, wani farin layi ya ratsa shi.

Mai Girki: To, ga shaida.

Ma'aikaciya: Naki dai zan iya sa shugaba ya yarda. Sauran takwas ɗin kuwa...

Mai Girki: Sauran duk na raka su makwanci, ba mai yatsan nunawa. Amma na san wadda ke gabana da wadda ke bayana a layin nan. Tara.

Ma'aikaciya: Mama, a fara da ɗaya mana.

Mai Girki: Ko a kasuwa ba a yi mini haka ba. Tara, ko akwatin ya zauna ƙarƙashin gadona, gara ta ci ta karanta.

Ma'aikaciya: Zan sake yi masa magana, wataƙila wani watan...

Mai Girki: Na gaji, 'yar nan. Ki zo gobe da littafin da tawada, in dangwala a gabanki. Jiya ina lissafa su, sai da na jima kafin sunan ta shidan ya dawo mini.

Ma'aikaciya: Gobe kuma? Mama, tsaya...

Mai Girki: Ki taho da bironki. Ni zan riƙe wannan karon, ke ki ja hannuna.