Hoton da Ba A Gogewa

Mai girma shugaban taro, Alhaji Bello; iyayenmu mata da maza; malamai da fastoci; 'yan'uwa mazauna Greensboro, har da yaranmu masu amsa mana da Turanci: barkanku da yamma.

Na gode da aka ba ni wannan dama, ko da yake na san mai jawabin gaske aiki ne ya riƙe shi.

Na farko, tarihi. A shekarar 1888 kamfanin Kodak na Rochester ya fito da ɗan akwatin ɗaukar hoto. Mutum zai ɗauki hoto ɗari bai ga ko ɗaya ba, ya aika da akwatin sukutum kamfani, a wanke, a dawo masa da abin da ya samu. Mai hamma ya fito baki buɗe, mai gyangyaɗi ya fito ido rufe, haka kuma aka adana su.

Na biyu, mu. Mama Zipporah, wadda ta ciyar da rabin zauren nan tuwo muna baƙi ba mu san kowa ba, za ta koma Kagoro ranar Asabar. Abu ɗaya ta roƙa: hotonmu duka tare, na takarda, ta rataya a bango. Aka ce ni Badaru in nemo. Jama'a, na duba wayata kaf, babu. Mu dai da an ɗauka sai a rugo: “Mu gani! Goge, ɗankwalina ya karkace.” Ku daina kallon Anti Lucia, ni ne sarkin masu gogewa. Inda tumbina ya riga ni shiga, na goge. Inda fitila ta haska sanƙona, na goge. Ina goge tumbi, ashe har da Mama nake gogewa a gefensa. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Na uku, ga tsohuwar kyamarar fim da na sayo a garin McLeansville. Saura ɗauka ɗaya, sauran sun ƙare a kan silin da takalmina ina koyo. Ba ta da “mu gani”, ba ta da “goge”. Na ce, “Mama, in na fito da muni fa?” Ta ce, “Badaru, da tumbin na san ka. Shi zan nuna a gida.”

Don haka ku taso a jeru. Mai zauren zai danna, ni zan tsaya gaba, ga hular ma na cire.

Allah ya kai Mama lafiya, ya raya zuri'armu, ya bar zumunci. Na gode.