Kwalin da Muke Kira Maigadi

Mai girma shugaban taro, manyan daraktocin kamfani da suka cika kujerun gaba, injiniyoyi masu ƙera manhaja da aka zo karramawa yau, manajojin rumbunan ajiya guda tara da za a miƙa wa sabbin wayoyi kafin a tashi, 'yan jarida da masu ɗaukar hoto, sannan 'yan'uwana masu ɗauko kaya da masu saukewa, waɗanda aka zaunar can baya kusa da ƙofa inda iskar fanka ba ta kaiwa: aminci ya tabbata a gare ku duka, na gaba da na baya.

Ina godiya da aka ba ni dama in tsaya a nan. Ina kuma godiya ga wanda ya rubuta mini jawabin da ke hannuna. Ya iya rubutu. Ya sa “nan take” sau goma sha ɗaya, na ƙirga. An ce in karanta, in ce manhaja ta sauƙaƙa mana aiki, in yi murmushi a ɗauki hoto. Ga takardar na ajiye a kan teburi, mai so ya tafi da ita gida. Da wata magana na zo, kuma ba za ta wuce lokacin da aka ba ni ba. Ranka ya daɗe, bar kallon agogo. Wata takwas ke nan waya na ƙirga mini daƙiƙa, na ƙware.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai kula da kaya a babban rumbu, inda aka fara gwada wannan manhaja. Shekarata ashirin da biyu a wurin. Abin da ya shigo da abin da ya fita, duk ta hannuna yake bi.

Maganata ta farko, in ba manhajar haƙƙinta, don kar a ce tsohuwa ce ke tsoron sabon abu. Na karanta littafin bayaninta, shafi ɗari da arba'in, sau biyu, abin da nake shakkar ko wanda ya rubuta shi ya yi. Rumbunmu layi-layi ne na kantocin ƙarfe, kowace kanta hawa huɗu, na saman ya kai tsayin bene. Kowane gurbi da lambarsa. Idan kaya suka iso, waya ce ke gaya wa direban motar ɗaga kaya gurbin da zai kai su. Idan aka nemi kaya, waya ce ke gaya wa mai ɗauko inda zai je. Abin da a da muke wuni muna nema da fitila, yanzu kafin ka rufe baki ya fito. Wannan gaskiya ne, kuma na faɗe ta.

Maganata ta biyu a kan gurbi ɗaya ce: layi na shida, hawa na huɗu, gurbi na goma sha huɗu. Shekara huɗu da suka wuce mota ta bugi ƙafar wannan kanta, ƙarfen ya lanƙwashe, waldar sama ta tsage. Sau bakwai na rubuta takarda a turo mai walda. Sau bakwai aka amsa mini da cewa ana dubawa. Ban san da wane ido ake dubawar ba, amma ya fi kowane ido haƙuri.

Akwai wani mai ɗauko kaya a cikinmu, muna ce masa Gajere saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis. Mijin yayata ne, uban 'ya'yanta huɗu. Shi ya yaga tsohuwar rigarsa ja, ya hau tsani ya ɗaura tsumman a bakin gurbin. A wurinmu jan tsumma ma'anarsa ɗaya ce: kar a ɗora wa wannan komai. Duk sabon ma'aikaci, ranar da ya fara, sai an ja hannunsa an kai shi layi na shida an nuna masa. Shekara uku da 'yan watanni tsumman nan yana riƙe da abin da takarduna bakwai suka kasa riƙewa.

Sai waya ta zo. A fuskarta kowane gurbi maɓalli uku gare shi: akwai kaya, babu kaya, ana kawowa. Ranar da aka zo koya mana, na tambayi injiniyan da aka turo, ga shi can da tabarau a jerin kujeru na biyu, ina yini. Na ce, “Injiniya, ina zan danna in ce gurbin nan fanko ne amma kar a ɗora masa komai?” Ya yi dariya ya ce, “Mama, ai gurbi ko cike yake ko fanko.” Na ce, “Ni ba mamarka ba ce. Da ni ce, da na aike ka ka ga kantar da idonka.” Ya rubuta wani abu a littafinsa ya ce sai a gyara na gaba. Minti arba'in ya yi a wurinmu, talatin da biyar a ofis mai sanyi. Bai taɓa wuce layi na biyu a cikin rumbun ba.

Tun a ranar farko waya ta ga gurbi na goma sha huɗu fanko, ta fara tura direbobi can. In direba ya ƙi, ta yi ta ƙara, ta rubuta masa laifi. Sai Gajere ya ce, “Ku bar ni da ita. Waya ai ba ta da hannu, ba za ta jijjiga kwali ta ji ko da wani abu a ciki ba.” Ya samo kwali fanko, na buga masa lamba na manna, muka haska da waya muka ce akwai kaya. Ya naɗe kwalin da jan tsumman don a riƙa hangensa daga ƙasa, ya ajiye shi a gurbin. Waya ta ga wuri a cike, ta yi shiru. Muka sa wa kwalin suna Maigadi. Kullum da safe Gajere sai ya ɗaga kai ya ce, “Maigadi, an tashi lafiya? Yaya mutanen sama?” Yakan ce shi kaɗai ne ma'aikacin da bai taɓa neman hutu ba, don haka a ba shi manaja.

Mun yi dariya, jama'a, mun yi dariya ƙwarai. Kuma a cikin dariyar muka yi kuskuren da ba injiniya ba ne ya yi shi, mu ne. Tunda Maigadi na tsare da wurin, tunda waya ta daina tura kowa can, sai muka daina jan hannun sabon ma'aikaci zuwa layi na shida. Me za a nuna masa? Ai an gama da matsalar.

Maganata ta uku ita ce mai nauyin. Wata bakwai bayan haka aka sabunta manhajar daga nesa, ba wanda ya tambaye mu. Sabon tsarin ya ce duk kayan da suka kwana casa'in ba su motsa ba, su koma ja a allon manaja, kuma babban ofis yana gani. Maigadi ya yi ja. Manajanmu, ga shi nan zaune, ba zai ƙaryata ni ba, ya kira ni ya ce, “Jan nan ya ɓace kafin a tashi.” Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba kaya ba ne, gadi yake yi.” Ya ce, “Ni ban san gadi ba, sau uku aka kira ni daga sama.” Na ce, “To a turo mai walda.” Ya ce, “Mai walda ba ya cikin allona.”

Na sa aka sauko da kwalin, tsumman na jikinsa. Niyyata in buga sabuwar lamba, in manna, in mayar da shi, mu sake yaudarar waya kwana casa'in. Amma ba ta karɓar sabuwar lamba sai an sallami tsohuwa. Na duba maɓallan nan uku, na danna “babu kaya”. Da wannan babban yatsan na danna, ku dube shi. Na juya ga injin buga lamba, sai na tarar takardarsa ta ƙare. Na tafi ofis ɗauko wata. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe.

Minti goma sha ɗaya na yi.

A cikin minti goma sha ɗayan nan manhajarku ta yi aikinta daidai yadda kuka ƙera ta, nan take. Ta ga gurbi ya buɗe. Ta ga an sauke kwalayen tayil a bakin ƙofa. Ta tura wa direban da ya fi kusa. Sabo ne, sati uku da farawa, muna ce masa Shiru-shiru don gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da mutane. An koya masa abu ɗaya: bi waya, daƙiƙa arba'in gare ka. Ya ɗaga kai, bai ga tsumma ba, ko da ya gani ma ba wanda ya taɓa gaya masa ma'anarsa. A daidai wannan lokaci wayar nan dai ta tura Gajere hawan ƙasa na wannan kanta ya ɗauko bokitan fenti. Ya san kantar fiye da kowa a duniya. Amma a saninsa Maigadi na sama. Yana durƙushe, bayansa ga hanya.

Ba zan kwatanta muku ƙarar ruftowar kantar ba. Zan dai gaya muku cewa muna tone tayil da hannuwanmu, wayar Gajere na aljihunsa tana ƙara, tana sanar da shi ya makara. Kuma har safiyar yau, in kun buɗe manhajar, za ta ce muku tayil ɗin nan an ajiye su lafiya a gurbi na goma sha huɗu, gurbin da babu shi a doron ƙasa.

Na kai wa yayata kular abincinsa ba a buɗe ba. Ta karɓa, ta ce, “Ke kina ina?” Na ce, “Na je ɗauko takarda, Yaya.” Sati biyar ina kallon idonta da wannan rabin gaskiyar. Sai da safen nan, tana shirya ƙaramarsu makaranta, na gaya mata sauran. Ta gama ɗaure wa yarinya takalmi, sannan ta ce, “To je ki faɗa musu haka. Kar ki rage ko ɗaya.”

Ga dalilin da ya sa ba zan rage ba. Rahoton da aka rubuta a kan abin da ya faru shafi biyu ne, kuma kansa ya ce kuskuren direba. Jibi kwamiti zai zauna, a kori Shiru-shiru, a miƙa shi ga hukuma. Sati biyar ke nan bai fito daga ɗakinsa ba, in ji matarsa.  A rahoton nan babu takarduna bakwai. Babu tambayar da na yi wa injiniya. Babu jan allon manaja. Babu yatsana. Mutum ɗaya ne a cikinmu duka ya yi daidai abin da aka ce ya yi, kuma shi aka zaɓa ya ɗauki gawar.

Yanzu zan yi tambaya, ba ga kujerun gaba ba. 'Yan'uwana na baya, ku da kuka zo daga rumbunan nan tara: duk wanda a wurin aikinsa akwai gurbin da kowa ya san ba a ɗora masa kaya, ko don tsagewa, ko don yoyon rufi, ko don ƙasa ta zauna, ya ɗaga hannu. Ku ɗaga, ba wanda zai kore ku a gaban 'yan jarida. Ranka ya daɗe, juya ka gani. Injiniya, cire tabarau ka goge, ka sake kallo. Waɗannan hannuwan ba sa cikin shafi ɗari da arba'in.

Abin da nake nema bai da yawa. A ƙara maɓalli na huɗu, wanda mai ɗauko kaya zai danna da kansa ya rufe gurbi, kuma kar wani allo a wani ofis ya iya buɗe shi sai mutum ya zo ya tsaya a ƙarƙashin kantar da ƙafarsa. Waya ta daina tura mutum ƙarƙashin inda ta tura mota. Duk wanda zai ƙera mana kayan aiki ya zo ya yi sati ɗaya yana ɗauko kaya da safar hannu, ya ji yadda ake danna ɗan maɓallinsa da gumi a ido. Wannan na gobe ne. Na jibi kuwa guda ɗaya ne: a yaga rahoton nan. A rubuta sabo, a jera sunaye bi da bi, a fara da nawa. Zan zo zaman kwamiti ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba. In aikina ne kuɗin shiga, na biya tun da na ajiye waccan takardar.

Ga tsumman. Rigar Gajere ce, har yanzu da alamar aljihu. Ga kuma kwalin sabbin wayoyi da aka ƙawata da kirtani mai sheƙi, ana jira in gama a raba. Ku yi mini haƙuri in ɗaura shi a nan. To, na ɗaura. Na baya sun san abin da yake nufi, na gaba kuma yanzu na gaya muku. Wanda zai kwance shi ya taso ya kwance da hannunsa a gaban mutane, don wannan karon a san yatsan waye.

Allah ya jiƙan Gajere, ya raya abin da ya bari, ya ba yayata haƙurin da ni ban cancanci ta yi mini ba. Allah ya fitar da Shiru-shiru daga ɗakin nan da mutuncinsa. Allah ya ba masu ilimi tawali'un tambayar masu aiki, ya ba masu iko kunnen da ke ji tun a takarda ta farko. Allah ya tsare duk wanda zai durƙusa a ƙarƙashin kanta gobe da safe, ya mayar da shi gida da ƙafarsa, kularsa fanko a hannunsa.

Na gode.