Wadda Ta Lura da Yatsun Ƙafa

A tashar Dungas, Huraira na jiran motar Dogo-Dogo, ta tambayi dattijon da ke gefenta: "Baba, ɗan can ne kai? An ce kun ɗauki ungozoma a gidan likitanku."

"Mun ɗauka, baiwar Allah. Su uku suka nema. Biyu na ta gyaran takardu, ta ukun ta hango jikata zaune shiru. Cikin fari ne, kunya ta hana ta cewa naƙuda take, sai tonon ƙasa take da yatsun ƙafa. Ta ajiye takardunta, ta shige da ita ɗaki. Namiji aka samu! Ita muka ɗauka."

"Halinta ke nan tun tana ƙarama."

"Au! Taki ce?"

Huraira ta ja mayafi, tana murmushi. "'Yar fari ce, Baba. Kada ka sa ni faɗin sunanta."