Dusar Akuyarmu

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza daga Issawane.

Ban faɗa wa kowa ba, amma dusar akuyarmu nake ci a ɓoye. Tun da fari ya mayar da mu ga shinkafar da sojoji ke rabawa, hannuwana ke ƙagewa a bakin rijiya, har guga ya kuɓuce mini. Likita a Mayahi ta ce sinadarin magneziyom ya yi mini ƙaranci a jiki, kuma yana cikin dusar gero da gyaɗa da zogale.

Jiya da na daka ɗan geronmu, na bar rabin dusar a ciki, sai Inna ta ce, "Ke Dije, tuwon nan ya yi duhu, ragwanci kike yi?"

Malam, in faɗa mata? Hankalina ya ƙi kwanciya. Ni dai gobe ma rabin surfe zan yi.