Igiyar da Ke Jikin Ƙaramar Giya

A rumfar shayi a hanyar Chitral, ɗan gaba da inda tsakuwa ta ƙare kwalta ta fara, wani direban jif ya tsaya wajen wani dattijo.

"Baba, titin nan lafiya yake kuwa? Shekara tara ina hawan duwatsun ƙauyenmu da motar nan, ba gardama. Yau na fara hawa kwalta, sitiyari ya yi tauri, in na sha kwana sai ta riƙa tsalle. Ga mahaifiyata zan kai wa likitan ido, in muka makara sai wata mai zuwa."

"Ka cire ta daga ƙafa huɗu, giyar da ke jan tayoyi huɗun duka?"

"Dama ana cirewa?"

"Ƙaramar giyar nan ta gefe fa?"

"Ai a ɗaure take da igiya. Marigayi mahaifina ya ɗaure ta, kada ta fita a gangara."

"To, ɗana, a tsakuwa taya takan ɗan zame, sai na gaba da na baya su shirya. Kwalta ba ta barin su zame, sai su yi ta ja-in-ja."

"Wato kyawun titin ne ya lalata motar?"

"Ba ta lalace ba tukuna. Je ka kwance igiyar."

Ya je ya dawo. "Na kwance, giyar ta ƙi motsi."

"Yi baya zuwa tsakuwa, za ta saki."

"Baba, asibitin fa gaba yake."

Tsohuwar ta leƙo ta taga. "Yi bayan, Gulab. Ubanka ma a nan yake kwance ta duk zuwanmu gari. Kai kana baya kana barci."