Bayan Motar Kuloli

Da kuɗin tunkiyar Inna na tafi Abuja, bayan mutuwar aurena. Ku daina dariya, Abujar da na sauka ba ta talabijin ba ce. Dutsen Alhaji ce, ɗaki ɗaya mu huɗu, mai gidan kuma kullum da safe yana bakin famfo yana masifa: "Kai wannan mace, ruwa ba na babanka ba ne!" Ni da ake kira "ke" tun haihuwa, a can na zama "kai".

Na samu aiki wurin Hajiya Bilki, mai dafa wa wata ma'aikata abincin rana. Ita tana ce wa sana'ar "ketarin", ni kuwa na ga girki ne kawai da hular leda. Mace ce mai kirki, kada ku ji na zage ta. Da na yi zazzaɓi ita ta kai ni kemis da kanta.

Aikina rabon abinci. Ni da direbanta Sule muke kai kuloli, don masu gadin ma'aikatar ba sa barin kowa ya shiga sai mai katin wuya, kuma mu biyu aka yi wa katin.

Wata rana muna dawowa ya wuce kwanarmu, ya nufi hanyar Ushafa, wai zai karɓo tukwane. Ya tsaya inda ba kowa. A nan ya fi ƙarfina. Kun girma, kun gane abin da nake nufi.

Na faɗa wa Hajiya a ranar. Ta yi kuka, wallahi ta yi. Ta dafa min ruwan zafi, ta ba ni zaninta. Na ce, "Hajiya, asibiti fa?"

Ta ce, "Hanne, za su yi ta tambayoyi. Mu rufa wa juna asiri, plis."

Washegari ta kira sulhu a falonta, da wani dattijon garinsu Sule. Sule ya durƙusa yana cewa sharrin shaiɗan ne. Dattijon ya yi nasiha mai tsawo a kan haƙuri, duk ni yake kallo. Aka zuba min ido ana jirana. Ni baƙuwa, ba uwa ba uba a garin, sai na ji bakina ya ce, "Na yafe." Aka shafa fatiha.

Na ɗauka za a sallame shi, ko a bar ni a kicin. Da hantsi sai Hajiya ta ce, "Hanne, mota na jira."

"Da shi?"

"To wa zan tura? Sake kati sai an tambaye ni dalili, kwangilar ma tana iya tafiya. Ba kin ce kin yafe ba?"

Na shiga bayan motar na zauna tsakanin kuloli, miya na zubo min a ƙafa. Haka na yi ta yi har wata ya ƙare, ba barci, ba cin abinci. Abin da Sule ya yi min ya yi ciwo, amma wannan zaman ya fi cin raina, don wadda na kai wa kuka ce ke tura ni kullum.

Da na ce zan tafi, katin da ba ya sakuwa sai ga shi an yi wa wata sabuwar yarinya cikin sati. Hajiya ta ba ni atamfa, ta ce, "Allah Ya sani na riƙe ki kamar 'yata."

Na ce, "Da 'yarki ce, za ki sa ta a motar nan?"

Ta juya ta koma kicin. Na ja yarinyar gefe na faɗa mata komai. Ta ce, "Yaya, ƙannena biyar a gida." Sule ya danna hon, ta ɗauki kula ta fita.

Na dawo garin nan da atamfar, ban taɓa ɗinka ta ba. Ke Zainabu da kike shirin tafiya Abuja bayan salla, ba zan hana ki ba. Amma ki riƙe lambar wayar kawunki a ka. Duk wanda ya zaunar da ke a falo yana jiran ki ce kin yafe, ki ce sai kawunki ya zo.